Tambayi Likita: Idan Mara Lafiya Ya Ce A Kai Shi Gida

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke: mara lafiyar da likitoci suka ga ciwonsa ya wuce warkewa, da wanda ya kamata a bi maganarsa idan aka zo batun tura shi sashen sauƙaƙa raɗaɗi, wato faliyatif, ko mayar da shi gida. Likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da irin waɗannan marasa lafiya ne suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 71 ne, yana da kansar hanta, hoto kuma ya nuna ta bazu har huhu. Likitoci sun ce ba aiki, ba allurar kansa, sun ba mu takarda zuwa wani sashe da suka kira faliyatif. Shi Baba cewa yake a mayar da shi gida, ya gaji da asibiti. Yayanmu, wanda shi ke biyan kuɗin komai, ya ce Masar za a kai shi, har ya fara neman biza. Gida ya rabu biyu. Maganar wa za a bi?
*Wani ɗan kasuwa, Funtuwa*

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Maganar Baba za a bi, muddin hankalinsa na jikinsa kuma ya san abin da yake zaɓa. Ɗaukar nauyin magani alheri ne babba, amma ba ya mayar da jikin uba mallakin ɗa. Doka ma haka ta ce. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma ikonsa na ƙin karɓar magani. Tun kafin nan, a 2001, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dakta Okonkwo cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga rasa rai.

Sai dai ba da kallo ake gane hankalin mutum na jikinsa ba, musamman a ciwon hanta. Idan hanta ta gaza, gubar da take tacewa takan hau kai, sai mutum ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, yana sambatu, hannunsa na rawa. Wannan ruɗewa zuwa take tana tafiya, kuma galibi rashin bayan gida, zubar jini a ciki ko ƙwayoyin cuta ke tayar da ita. Ruwan laktulos da ke sa a yi bayan gida sau 2 zuwa 3 a rana yakan warware ta. Don haka a zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa, likita ya zauna da shi da Hausa, ba da Turanci ana fassara masa rabi ba. Abu huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi har a gama magana, ya iya auna wannan da wancan, ya kuma faɗi zaɓinsa. Hanya mafi sauƙi a ce masa, "Baba, faɗa min da bakinka, me likita ya ce yana damunka, kuma me kake ganin zai faru in ka koma gida?" Idan ya mayar da bayanin daidai, ya kuma maimaita zaɓinsa bayan kwana ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. A yi wannan zama ba yayanku a ɗakin, kai ma ka fita, domin tsoho yakan faɗi abin da zai faranta wa wanda ke tsaye a kansa.

Sannan a tambaye shi dalili. Wani tsohon gida yake so don ya ga iyalinsa ya ji kiran sallar masallacin unguwarsu, wannan kam ba mai ja da shi. Wani kuwa hudar allura ce ta ishe shi, ko zafin da ba a magance ba, ko ya ji ana ƙus-ƙus ɗin za a sayar da gona. Waɗannan ana iya gyara su, kuma bayan an gyara a sake tambayarsa.

Batun Masar, kada ku yi wa yayanku kallon mai taurin kai, ƙauna ce ke motsa shi, kuma akwai abin da zai iya yi kafin biza. Ya tattara faifan hoton, sakamakon gwajin jini da rahoton likita, ya tura wa wani ƙwararren likitan kansa, a gida ko a waje, ya nemi amsa a rubuce: maganin da za a yi can warkarwa zai yi, ko ƙara lokaci, ko rage zafi kawai? In ƙara lokaci ne, makonni ko watanni, kuma nawa ne daga ciki za su ƙare a gadon asibiti? A sani kuma iskar cikin jirgi ta yi daidai da ta kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400. Mai ruwa a ciki da kansa a huhu yana iya rikicewa a sama, shi ya sa kamfanonin jirgi ke neman takardar likita. In rai ya yi halinsa a can, sai dai a binne shi nesa da iyalinsa ko a shiga wahalar dawo da gawa. Duk wannan sai an faɗa wa Baba, don shi za a ɗora a jirgin.

Sashen da aka tura ku ba ɗakin jiran mutuwa ba ne. Aikinsa kashe zafi, amai, shaƙewar numfashi, rashin barci da fargaba, da koya wa masu jinya aikinsu. A Ingila akwai gidaje na musamman don wannan, ana ce musu hosfis, kamar wanda Dakta Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. A Najeriya galibi sashe ne a cikin manyan asibitoci, kamar wanda aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007, kuma mafi yawan jinyar a gida ake yinta. Kenan zuwa faliyatif da komawa gida ba sa cin karo.

Inda ake yin kuskure shi ne fita cikin fushi. Iyali su sa hannu a takardar cewa sun ɗauke mara lafiya ba da yardar likita ba, su tafi ba magani ba lambar waya, bayan kwana uku su dawo sashen gaggawa da tsakar dare. Ku nemi sallama ta ƙa'ida. Kafin ku bar asibiti ku karɓi taƙaitaccen rahoton ciwon, maganin aƙalla mako biyu da lokutan shansa a rubuce, lambar wanda za a kira, da sunan asibiti mafi kusa da zai iya zuƙe ruwan cikin in ya taru ya hana shi numfashi. Ku tambayi abin yi in ya yi aman jini, domin yana faruwa a ciwon hanta: a kwantar da shi a gefe, a tanadi tawul masu duhun launi, wani ya zauna da shi. Ku kuma raba kwanan jinya tun yanzu. Mace ɗaya ba za ta iya dare da rana ba, kuma ita aka saba bar wa.

Tambaya: Innarmu tana da kansar bakin mahaifa da ta yi nisa. Mun ce mata ciwon sanyi ne, mun kuma roƙi likita kada ya faɗa mata don kada zuciyarta ta buga. Yanzu ya ce ba zai tura ta faliyatif ba sai ya yi magana da ita. Ba zalunci ba ne a gaya wa tsohuwa irin wannan?
*Wata malamar makaranta, Gusau*

Amsa: Malama, mun gane tausayin da ya sa kuka ɓoye, amma likitan yana da gaskiya. Ba a tura mutum wani sashe a canza masa manufar magani bai sani ba. Kuma mai yiwuwa Inna ta riga ta gane. Mace tana zubar jini wata da watanni, tana ramewa, tana ganin dangi na nesa suna zuwa dubiya, kowa na shiru in ta buɗe ido, ai ba sai an faɗa mata ba. Abin da ɓoyewa ke haifarwa shi ne ita tana yi muku kawaici, ku kuna yi mata, kowa yana kukansa a ɓoye.

Faɗa ba yana nufin a jefa mata magana gaba ɗaya ba. Likitan da ya iya aikinsa da tambaya yake farawa: "Inna, ke a ganinki me ke damunki?" Sai ya biyo da, "Akwai masu son a yi musu bayanin komai, akwai masu cewa a yi da 'ya'yansu. Ke wanne kika fi so?" In ta ce a yi da ɗanta wane, shi ke nan, wannan ma zaɓinta ne, za a rubuta a katinta a bi. In ta ce a faɗa mata, sai a fara da gargaɗi, "Sakamakon bai zo yadda muka so ba," a yi shiru, a bar ta ta tambaya. Kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da ta nema. Ba a ce mata saura wata kaza. Ba wanda ya san ajali, likita kiyasi kawai yake yi daga saurin lalacewar jiki. In ana ganin canji daga wata zuwa wata, batun watanni ne. In daga mako zuwa mako, makonni. In kullum sai an ga ragi, kwanaki. Ba kuma a ce mata "ba abin da za mu iya yi", don ba gaskiya ba ne. Zafi yana da magani, warin ruwan da ke fita ma yakan lafa da metronidazol, gasa wurin ciwon da hasken na'ura kuma yakan tsayar da jinin.

Dokar 2014 ta ba likita dama ya jinkirta bayani in akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa zai cutar da mara lafiya, amma fargabar dangi ita kaɗai ba ta kai wannan hujja ba. Ki duba kuma abin da ɓoyewa ke hana ta. Wataƙila akwai bashi a kanta ko wanda take bi, akwai adashen da ba ta gama zubi ba, akwai wadda take son ta nemi gafararta, akwai wasiyyar da shari'a ta ba ta dama a cikin sulusin dukiyarta. Ki roƙi likita ki zauna a wurin lokacin maganar, in Inna ta yarda.

Tambaya: Maigidana kansar mafitsara ta shiga ƙashin bayansa. Da dare ihu yake yi. An rubuta masa ruwan mofin, shi kuma yana roƙon a ba shi, amma ƙannensa sun hana. Sun ce ƙwaya ce, tana gaggauta mutuwa, kuma za ta hana shi kalmar shahada. Ni a tsakiya nake.
*Wata uwargida, Azare*

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ki ba shi maganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya nema, likita ya rubuta. Ƙannensa ba su da hurumin hanawa, amma tsoronsu yana buƙatar amsa, don haka ga yadda abin yake.

Mofin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tun 1986 hukumar ta sa shi a matakin sama na maganin zafin kansa. In an fara da kaɗan ana ƙarawa gwargwadon zafi, ba ya rage kwana. A Yuganda, tun daga 1993 da Dakta Anne Merriman ta kafa hosfis a Kampala, ruwan mofin ake kai wa marasa lafiya har gida. Abin da ya ɓata sunan irin waɗannan magunguna a wurinmu shi ne shaye-shayen kodin da taramol, har gwamnati ta hana ruwan tari mai kodin a 2018. Mai shan maye nishaɗi yake nema, mijinki kuwa barci yake nema.

Adadin da likita ya rubuta shi za ki bi, amma ki san tsarin. Wanda bai saba ba ana fara masa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4. Da agogo ake bayarwa, ba sai ya yi ihu ba: ƙarfe 6 na safe, 10, 2, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Wasu sassan kan ninka na ƙarfe 10 na dare don a tsallake na tsakar dare. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai zafi ya dawo, a lokacin kuwa sai an ba da mai yawa kafin ya kwanta. In zafi ya ɓullo tsakanin lokuta, ana ba da ƙari daidai da na awa 4. Ki rubuta kowane ƙari a littafi. In ya wuce sau 2 ko 3 a yini, ki kira likita, shi zai ƙara adadin, galibi da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ki auna da sirinji marar allura, ba da cokalin shayi ba, kuma ki karanta jikin kwalba, domin akwai mai miligiram 5 a mililita 5, akwai wanda ya ninka shi sau 10.

Gyangyaɗi da tashin zuciya sukan zo a kwana 2 zuwa 3 na farko su wuce. A nan ne dangi ke tsorata su dakatar, alhali mutumin da ya yi makonni bai runtsa ba dole ya rama barci. Taurin bayan gida kuwa ba ya wucewa, don haka daga ranar farko a haɗa da maganinsa, kamar bisakodil da dare. Alamun ya yi yawa su ne barcin da ba a iya tashinsa, numfashi ƙasa da 10 a minti, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na fizga. In kin ga haka ki tsallake na gaba ki kira likita nan take. Mai ciwon ƙoda ya fi saurin shiga wannan, kuma kansar mafitsara tana iya toshe fitsari, don haka ki lura da yawan fitsarinsa. Kada kowa ya kira mai kemis ya yi masa allurar fentazosin a kan mofin, tana iya kwance aikinsa zafi ya dawo. Ki kulle kwalbar, wanda ya rage a mayar wa asibiti.

Ki tambayi likita batun gashi ma, wato ƙona kansa da hasken na'ura. Gashi sau ɗaya tak a wurin da kansa ta ci ƙashi yakan rage zafi sosai. In kuma ƙafafunsa suka fara nauyi ko ya kasa riƙe fitsari, kada ki kwana, alamar ƙari na danne lakar baya ce.

Batun shahada, wanda zafi ya sa yake birgima ba ya iya natsuwa ya yi zikiri. Mafi yawan masu shan adadin da ya dace suna hira suna salla. Da a ce shi ne ya ƙi sha don yana so ya zauna a farke, da sai mu ce a mutunta hakan, a gwada masa kaɗan ya gani da kansa. Ki nemi nas ɗin faliyatif ta zauna da ƙannen, kada ki ɗauki rigimar ke kaɗai.

Tambaya: Mutum ya ƙi ci gaba da magani, ko ya ce kada a danna masa ƙirji in zuciya ta tsaya, ba kashe kai ba ne?
*Wani ɗalibin ilimi, Zariya*

Amsa: Malam, fatawa ta malamai ce, amma ga abin da yake sananne. Malamai da yawa sun bambanta maganin da ake da yaƙinin zai ceci rai, kamar tsayar da jini, da wanda amfaninsa zato ne mai rauni. A hadisin Ibn Abbas, matar nan mai farfaɗiya ta zaɓi haƙuri aka bar ta da zaɓinta. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa a ciwon ajalin Annabi (SAW) sun ɗura masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa, har ya sa aka ɗura wa waɗanda suka halarta. A 1989 kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ce in ƙwararrun likitoci 3 amintattu suka haɗu a kan cewa farfaɗowa ba za ta yi amfani ba, ba dole a yi ta ba.

A likitance, danna ƙirji ga wanda kansa ta gama cinye jikinsa da wuya ƙwarai ya dawo da shi ya bar asibiti, haƙarƙari kuwa yakan karye. Abin da ya haramta a addini da dokar ƙasa shi ne ba da wani abu da nufin kashewa, ko da mara lafiya ne ya roƙa. Faliyatif ba ya yin wannan.

Tambaya: Ni nas ce a babban asibiti. Muna da mara lafiya 'yar shekara 38, kansar mama ta bazu. Likita yana so ya tura ta faliyatif, mijinta ya yarda har ya sa hannu, ita kuwa ta ce sam, allurar kansa za ta ci gaba, tana da yara ƙanana. Nan ma zaɓinta za a bi?
*Wata ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi*

Amsa: Sista, mutunta zaɓi bai tsaya ga mai cewa a bar shi ba, ya haɗa da mai cewa a ci gaba. Sa hannun mijinta ba ya maye gurbin nata. Baliga ce mai hankali, yardarta ake nema. Shawara da miji abu ne mai kyau in ita ta so.

Muna zargin yadda aka gabatar mata da abin ne ya sa ta ƙi: ko allura ko faliyatif. A Amurka tsarin inshorar tsofaffi yana sharɗanta likita ya kiyasta wata 6 ko ƙasa, mara lafiya kuma ya bar maganin warkarwa kafin ya shiga hosfis. Mu wannan sharaɗi bai hau kanmu ba, ana iya haɗa biyun. A binciken da aka buga a 2010 daga Boston, kan mutum 151 masu kansar huhu da ta bazu, waɗanda aka haɗa musu faliyatif tun farko sun fi samun walwala, matsakaicin rayuwarsu kuma wata 11.6 ne, na sauran 8.9. Ki ce mata, "Ba sallamarki muke yi ba, ƙarin mutane ne za su kula da zafinki da ƙarfin jikinki, likitanki yana nan."

Iyakar zaɓinta ita ce ba za ta tilasta wa likita ya ba ta abin da ya tabbata cutarwa ce ba. Ma'aunin da ake amfani da shi ƙarfin jiki ne. Wadda take kwance fiye da rabin yini, ko jininta da hantarta suka yi ƙasa, allurar kansa ta fi kusa da rage mata kwana. In tana tsakani, a yi gwaji mai wa'adi: zagaye 2, sannan a sake aunawa, a kuma amince tun yanzu da alamun da za su sa a tsaya. In ba ta gamsu ba tana da ikon jin ra'ayin wani likitan. Ki kuma tambaye ta me take so ta gani game da yaran. Sau da yawa a nan ne maganar wanda zai riƙe su take fitowa, kuma ba ta da wanda za ta yi ta da shi.

Tambaya: Kakarmu ta sha faɗa tana da lafiyar magana cewa kada a sa mata roba a hanci. Yanzu kwana uku ba ta ci, ba ta magana. Kawunmu ya ce da yunwa za mu kashe ta, a kira a yi mata ƙarin ruwa a sa robar. Ya za mu yi?
*Wani matashi, Maraɗi*

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Da farko ma'aikacin lafiya ya duba ta, don a tabbata ba abin da ake iya gyarawa ba ne ya kwantar da ita, kamar faɗuwar suga, magani da ya yi yawa, zazzaɓi ko fitsarin da ya toshe. In an cire waɗannan, to maganarta tana nan daram, rashin bakinta bai soke ta ba. In ta taɓa nuna wanda zai yi magana a madadinta, shi ne a gaba. In ba ta nuna ba, a tara na kusa, kuma tambayar da za a yi ita ce me ita za ta ce da tana iya magana. Ku faɗa wa kawu wanda ya ji ta faɗa da lokacin da ta faɗa, cikin ladabi, zai fi kyau daga bakin wani babba sa'ansa ko limaminku.

Ciwon ne ya ɗauke mata yunwa. A kwanakin ƙarshe hanji da ƙoda suna rage aiki, abin da aka zuba ba ya zama ƙarfi. Abincin roba yakan dawo ya shiga huhu, kuma mara lafiya kan fizge robar har a kai ga ɗaure mata hannu. Ƙarin ruwa mai yawa yakan taru a ƙafa, ciki da ƙirji, ya ƙara mata shaƙewa. In kawu ya kasa natsuwa, ana iya gwada ruwa kaɗan, rabin lita zuwa lita 1 a awa 24, tunda ba shi ta hana ba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, a cire in kumburi ko kakari ya ƙaru.

Abin da ke damunta bushewar baki ne. Duk awa ɗaya ko biyu a jiƙa tsumma mai tsabta a goge mata harshe, dasashi da cikin kumatu, a shafa man kaɗanya ko baselin a leɓe. In ta farka ta nuna tana so, a tayar da ita zaune a ba ta kunu ko zamzam a ƙaramin cokali. Ta yi tari, a tsaya. Ba a ɗura wa wanda ba ya farke komai. A juya ta duk awa 2 zuwa 4, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu da dugadugai saboda gyambon kwanciya. In tana shan mofin kada a yanke shi don ta daina haɗiya. A kira nas ta mayar da shi allurar ƙarƙashin fata, wadda galibi rabin adadin na baki ce.

Za ku ga ƙafafu sun yi sanyi, gwiwa ta canza launi, fitsari ya ragu, numfashi yana tsayawa na wasu daƙiƙu ya dawo. Kakarin maƙogwaro yawu ne da ta kasa haɗiyewa, ya fi damun masu ji fiye da ita. A kwantar da ita a gefe, a ɗan ɗaga kai, nas na iya yi mata allurar Buscopan miligiram 20, kuma kada a zura mata komai a maƙogwaro. A riƙa yi mata magana kamar tana ji, a faɗi kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta ba tare da matsa mata ba.

Ku yanke shawara yau a kan abin da za ku yi in numfashi ya canza da dare. In kuka ɗauke ta a guje zuwa sashen gaggawa ba takarda, ma'aikatan da ba su san ta ba za su yi abin da aka koya musu, har da robar da ta ƙi. Ku sa likitan da ya duba ta ya rubuta ciwonta, abin da ta ce ba ta so, da sunan mai magana a madadinta, ya sa hannu da kwanan wata, ku ajiye takardar tare da magungunanta.